Hayaƙin da Ba Ya Tashi Sama

Turakun lantarki sun tsaya a Zawan,
kamar baƙon da ya hango gidanmu ya fasa sallama.
Tun ina goye ake nuna mini Jos da dare,
tana ƙyalli can ƙarƙashin duwatsu,
mu kuwa sai aci-balbal da tocila mai ciwon batir.

Sai ga Sallau mai walda daga Dilimi,
ganga biyu a bayan akori-kura,
bututu ya fi ƙafar gizo-gizo,
da tsohon injin da tsadar fetur ta kwantar.
Ya ce, "Ku tara mini totuwa."
Da Chollom ya gyara zama a kan dutsensa,
ya ce, "Yaro, abin da ko akuya ta raina?"

Sallau bai yi musu ba. Ni ya kira.
"Davou, ba ƙonawa za mu yi ba, shaƙewa.
Ka ba wuta abinci, ka hana ta iska,
ta cika, ta batse, ta rasa bakin magana,
sai ta yi ajiyar zuciya.
Wannan ajiyar zuciyar muke so."
Mu bi da ita ta ruwa, ta huce,
ta dusar katako, ta ajiye kwalta,
ta tsohon bargo, ta kakkaɓe toka,
sannan inji ya sha.

Daren farko inji ya yi tari ya mutu.
Dare na biyu ma haka, yara suna ta shewa.
Na uku, wajen ƙarfe tara,
harshen wuta a bakin bututu ya rikiɗe shuɗi,
shuɗi kamar rini sabon fita daga marina,
ƙwai guda a shagon magani ya buɗe ido.
Ba wanda ya yi guɗa.
Mun dai tsaya muna kallon tsagar bango
da ba mu taɓa sanin tana nan ba.

Ubana ya ƙare ƙarfinsa a ramin kuza.
Aka kwashe ta zuwa inda bai san sunansa ba,
aka bar mana kududdufi mai koren ruwa
da ya cinye mana saniya biyu.
Ni ban haƙa komai ba.
Abin da gona ta yar, shi nake tsinta.

Amma Ngo Kaneng ta zo mini da faɗa har bakin rumfa:
"Totuwar da nake hura murhu,
nake tace tokarta in sa a miya,
yau ita ce ake aunawa a buhu?
Kun haska titi kun kashe mini tukunya!"
Ban sami amsa ba sai bayan kwana huɗu.
Yanzu buhu biyu nata, ƙwai guda na mako,
gawayin da tanda ta rage kuma
tana kwasa ta kai kunyar dankali.
Har yau dai ba ta daina harara ta ba.

A Agusta ruwa ya ƙi ɗaukewa,
totuwa ta jiƙe, kwalta ta toshe maƙogwaron inji,
muka koma duhu kwana shida.
Duhun ya fi na dā nauyi,
don yanzu mun san abin da ya ɓoye.
Mata suka shanya totuwa a saman murhu,
ɗaki ɗaki, kamar ana kyafe nama.

Ƙarfe sha ɗaya nake rufe iska.
Hannuna baƙi, rigata warin hayaƙi,
littafin bashi a aljihu, gida bakwai ba su biya ba.
Firjin allura na ta gurnani da ɗan sanyin da ya tara.
Gobe zan wanke matata tun kafin zakara,
in roƙi Nvou ta ara mini baro,
an ce a gonar Pwajok an gama ɓarzar masara.